Kunnen Ruwa

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da takwarata. Yaya ɗinki, yaya haƙuri da zafin birni? Haƙoran takwarar tawa sun gama fitowa kuwa, ko har yanzu tana hana ku sakat? Mu dai nan alhamdu lillahi, yara lafiya, Baba ma jikinsa garau, sai abin da ba a rasa ba.

Na san za ki ce ga waya a hannu, me ya kai ni rubutu kamar mutanen da. To ai kin san gidanmu, kin kuma san kunnen Baba. Ko sauro ya yi tari a bayan ɗaki sai ya ce masa sannu. Maganar da nake so mu yi kuwa tasa ce, shi ya sa na ari biron babbar ɗiyata na zo na zauna a gindin murhun banda, tunda dai yanzu ba abin da murhun yake yi sai ba kaji wurin kwana.

Auta, kogi ya juya mana baya. Ba wai ya ƙafe ba, ruwa yana nan, sai dai ya ja da baya, ya yi ɗumi kamar wanda aka sirka wa jariri. Da can in kin tsoma ƙafa a gurbin nan mai zurfi na ƙasan gidanmu, sai kin ɗauke ta don sanyi. Yanzu ko awaki ba sa marmarinsa. Ragon ruwa, giwan ruwa, kurungu, duk kifin da muka buɗe ido muka tarar, wanda marigayiya Inna ta raine mu da bandarsa, ya yi ɓatan dabo. Abin da masunta ke fitowa da shi 'yan ƙananan karfasa ne da tarwaɗa, irin waɗanda in na jera su a kan waya sai in ji kunyar masu wucewa.

Kin san tun ƙarshen damina Baban yara ya bi abokan sana'arsa suka haura sama, can inda ƙoramu ke gangarowa daga duwatsu suna shiga kogin. Ya ce ruwan can da sanyi, ga inuwar itatuwa, kifin namu kuma duk can ya tare. Ya samu ɗakuna biyu da ɗan filin da zan gina murhu, har ya yi wa yara maganar makaranta. So yake mu tattara mu same shi kafin ruwan sama ya sauka, don da zarar damina ta kankama hanyar can ba ta biyuwa sai ta wuce. Kuma da bakinsa ya ce ɗaki ɗaya na Baba ne, Allah ya saka masa da alheri.

Baba kuwa ya ce ba inda za shi. Bai yi faɗa ba, bai kuma ba da dalili ba. Na kawo maganar da safe, na kawo ta da yamma, na turo masa amininsa mai gyaran raga, duk ya yi mana kunnen uwar shegu. Iyakacinta ya ce in bi mijina, aure ba wasa ba ne, shi Allah na nan. Ke ji fa! Tsohon da ko ruwan shayi bai iya ɗorawa ba, shi zan tafi in bari da bango huɗu?

Akwai ma abin da ya fi wannan damuna. Kin tuna yadda yake yi da sassafe? Ya tura kwale-kwale tsakiyar gurbi, ya tsoma filafilin tuƙi a ruwa, ya kafa kunne a kan mariƙinsa, ya lumshe ido. Masunta su yi cirko-cirko a jiragensu, ba mai ko tari, har sai ya ɗago ya nuna wuri da haɓa, sannan a zuba raga. Yakan ce kurungu surutu gare shi kamar mata a bakin famfo, kuma inda ya taru manyan kifi ba sa nisa. Da haka ya samu sunan Kunnen Ruwa, har mutane suka manta sunansa na gaskiya. To filafilin nan yanzu yana saƙale a saman ƙofar ɗakinsa, gizo-gizo ya yi masa riga. Tun bara bai taɓa shi ba. Kullum sai ya je bakin ruwa ya zauna a kan kwale-kwalen da ya kife, ya yi ta kallo, rana ta take ya dawo.

Ga ni nan dai tsaka mai wuya, miji a sama, uba a ƙasa, ni kuma ba biyu ba ce. Ke ce 'yar lelensa, ki yi tunani ko ya taɓa suɓutar baki ya faɗa miki wani abu. Ki ba direban motar kasuwa amsa, kada ki kira.

Ki gaida maigidan, ki shafa mini kan takwarata.

Taki,
Yayarki

Auta ƙanwata,

Sallama da gaisuwa, da fatan kun wayi gari lafiya, aiki yana tafiya, takwarata kuma zazzaɓin haƙorin ya sake ta. Amsarki ta iso tare da rigunan yara, Allah ya ƙara buɗi. Ta ƙaramar ta yi mata yawa, amma ta rantse ba za ta cire ba, tana nan tana sharar tsakar gida da ita.

Kin ce wataƙila kabarin Inna ne ba ya son ya yi wa nisa. Ni ma na zaci haka. Kin kuma ce a kawo miki shi birni. Haba Auta! Baba a hawa na uku, yana kallon rufin mutane ta taga? Ai kifi ne aka jefa a tudu. Ki bar wannan magana, ki saurari abin da na gano.

Ran nan ya tafi zamansa na bakin ruwa, na shiga yi masa shara. Na ɗaga katifa ke nan sai ga kwalabe reras. Maganin ɗigawa a kunne ne, Auta, na kemis da na masu tallan magani, wani ma har ya yi tsami, ga auduga an dunƙule. Na kwashe su. Da na kai masa abincin rana sai na jera su a kan faranti kusa da kwanon, na samu wuri na zauna. Ya dubi kwalaben, ya dube ni, ya ce na gado binciken uwata. Sannan ya ture abincin ya faɗa mini.

Wai kunnensa ya mutu. Ya ce tun bara waccan ya fara jin surutun kurungu yana yin nisa, kamar mutane suna hira suna tafiya. Bara kuma, wata safiya, ya kafa kunne ya ji shiru tsit. Ga mutane sun zuba masa ido, kowa da ragarsa a hannu. Kunya ta hana shi cewa bai ji komai ba, sai ya nuna wani wuri da ka, aka zuba, aka jawo ciyawa. Daga ranar bai sake ɗaukar filafilin ba. Ya ce ba zai haura sama ya tsaya gaban yaran da ya koya wa kamun kifi ba, suna jiran haɓarsa, shi kuwa kurma. Gara su riƙe shi a yadda suka san shi.

Allah ya yafe mini, dariya ce ta fara kufce mini. Na ce Baba, jiya-jiyan nan ina can bayan murhu na yi wa zakara baƙar magana ƙasa-ƙasa, daga ɗaki ka ce in ji tsoron Allah. Wane irin kurma ke nan? Ya ce kunnen tudu daban, kunnen ruwa daban, na tudu ko jaki yana da shi.

Da ƙyar da jiɓin goshi na kai shi asibiti. Likitar wata yarinya ce mai fara'a, ta leƙa kunnuwan da fitila, ta sa masa wani abu a ka mai fitar da ƙara siriri, ta ce duk lokacin da ya ji ya ɗaga hannu. Hannun Baba bai huta ba. Ta ce a shekarunsa ba ta cika ganin irin wannan ji ba, ya dai daina ɗura magani a ciki kafin ya jawo wa kansa ciwo. Ya yi mata godiya, ya sa mata albarka. Muna fita ƙofa ya ce yarinyar kirki ce, amma kunnen tudu ta auna.

A hanya na daure na ce masa, Baba, to ko kifin ne babu? Sai ya tsaya cak. Ya ce ubansa ya saurari gurbin nan, kakansa ma haka, an yi fari an yi ambaliya, kurungu bai taɓa barinsa ba. Kogi ba ya yin shiru, mutum ne ke tsufa. Ya ce yaran nan ba sa samun kifi ne don ba mai nuna musu, shi ya sa suka watse suka bar iyayensu.

Ke dai bari, Auta. Ashe duk tsawon lokacin nan tsohon nan gani yake shi ya tashi garin. Murhuna da ya yi sanyi, tafiyar Baban yara, gidajen da aka kulle a layinmu, duk a wuyansa ya rataya su yana yawo, mu muna cewa taurin kai ne. Tausayinsa ya kama ni har na kasa haɗa ido da shi, a haka muka ƙarasa gida.

Kada ki nuna masa kin sani. Ki dai taya mu da addu'a. Yara suna gaishe ki, babbar ta ce a dawo mata da bironta.

Taki,
Yayarki

'Yar'uwata Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya gida, yaya maigidan da ciwon bayan nasa? Ki ce masa ya rage zaman kujera. Mu muna lafiya, sai zafi, sai kuma hadarin da ya fara leƙowa da yamma yana komawa. Duk lokacin da na ga gabas ta yi duhu sai in tuna hanya ce ke shirin rufewa.

Akwai wata ma'aikaciyar hukumar kula da kifi da ke zuwa mana jifa-jifa. Yara suna ce mata Mai Igiya, don wani ɗan ƙarfe take zurawa a ruwa da igiya tana duba zafinsa. Ta biyo neman banda, na ce mata wace banda kuma, sai dai ta zauna ta sha ruwa. Da hira ta yi hira na tambaye ta, tsakaninta da Allah, ina kifinmu ya tafi.

Ta ce ba kogin namu kaɗai ba ne. Yanayi ne ya sauya, zafi yana ƙaruwa shekara bayan shekara. Damina ta zo a makare, ta juye ruwanta lokaci ɗaya, ta ɗauke da wuri. Sai kogi ya ragu, rana ta yi ta dafa abin da ya saura. Ruwa kuma in ya yi ɗumi ba ya riƙe iskar da kifi ke shaƙa, sai masu ƙarfin hali irin tarwaɗa su zauna, sauran su bi sanyi su haura. Na ce to yaushe za su dawo? Ba ta yi mini ƙarya ba, ta ce ba za ta iya yi mini alkawari ba. Ta ce shi ya sa suke roƙon mutanen sama kada su sare itatuwan bakin ruwa, don inuwar nan ce ke riƙe da sanyin, kuma kogi yana da mafari, in an kai duwatsu ba sauran wurin gudu.

Na ce wannan magana ai ba ni ya kamata in ji ta ba, na ja ta har gaban Baba. Ya karɓe ta hannu biyu, ya sa aka shimfiɗa mata tabarma, ya saurare ta har ta dasa aya. Sannan ya tambaye ta ko ƙarfen nata yana ji. Ta ce a'a, zafi kawai ya sani. Ya ce to ashe daga shi har ita ba wanda ya ji komai. Ta yi dariya ta ce gaskiyarsa, ita ma da za ta samu ya je sama ya saurara mata da ta ji daɗi. Suka rabu lafiya. Amma ranar ko bakin ruwan bai je ba.

Ana cikin haka Baban yara ya kira, ya ce jirginsa ya daki dutse ya tsage, gyara zai ɗauki lokaci, ga shi kifi ya samu. Na shige ɗaki na rage murya, amma ina! Ina fitowa kurman naki ya ce a zo a ɗauki nasa kwale-kwalen a kai wa surukinsa, kyauta ba aro ba. Har ya sauko da filafilin ya goge shi da mai, ya ce ba a ba da jirgi a riƙe filafili. Na koma bayan murhu na sha kukana, don na san wannan sallama ce yake yi da sana'ar.

Ruwan ya tsinke a wurare da yawa, ba a iya tuƙa jirgi har can, dole sai a babbar mota. To nan dabara ta faɗo mini. Ina wanke-wanke na shiga ba maƙwabciya labarin direban motar da murya sama, yadda yake faɗawa rami kamar an aiko shi, da yadda ya kai wa wata amarya gado a karye gida uku. Wallahi ban yi ƙarya ba, ganganci gare shi, gishiri kawai na ƙara. Kafin in ɗauraye tukunya Baba ya fito ya ce ba mahaluƙin da zai ɗora masa jirgi a mota ba ya wurin. Zai raka shi, ya ga an sa shi a ruwa, ya biyo motar ya dawo.

Ni dai so nake ya ga wurin da idonsa, an ce gani ya kori ji. In kuma ya gani ya ce sai ya dawo, to na yanke shawara, zan bar yara wurin ubansu in biyo shi mu yi damina tare. Na faɗa wa Baban yara haka. Ya ce Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri. Bai ji daɗi ba, ni ma ban ji ba, amma ba yadda zan yi.

Jibi za mu tashi in Allah ya kai mu. Ki sa mu a addu'a, ki gaida mutanen gida.

Taki,
Yayarki

Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki, ina gaida takwarata, da fatan duk kuna cikin alheri. Daga sama nake rubuto miki, a zaune kan dutse, don ko kujera ba mu kai ga saukewa ba. Mun iso lafiya. Direba ya ba Baba gaban mota, shi kuwa ya ce Allah ya kiyaye, ya hau baya ya rungume jirginsa, duk ramin da aka faɗa sai ka ji yana yi wa direban nasiha ta rufin mota.

Wurin yana da kyau, Auta. Itatuwa sun sunkuyo kan ruwa, iska mai sanyi tana fitowa daga ƙoramu. Abin da ya fara tarbe ni ƙanshin hayaƙin banda ne daga murhun mutane, har sai da idona ya ciko. Masuntan garinmu da ke nan suka taso da gudu suna ga Kunnen Ruwa, ga Kunnen Ruwa. Baba ya sunkuyar da kai ya amsa gaisuwa a gajarce, ya ce jirgi kawai ya kawo.

Kin san ƙa'idarsa, jirgin da ya yi tafiyar tudu sai mai shi ya fara shiga ya ga ko ɗinkin katako ya buɗe. Washegari da hantsi aka tura shi ruwa. Baban yara ya ɗaga ƙafa zai shiga, Baba ya ce a'a, ni zan zo in riƙe robar kwarfe ruwa. Na gane ba ya son namiji kusa da shi. Muka tafi mu biyu, yana tuƙi yana bin katako da ido, har muka kai wani wuri mai zurfi ƙarƙashin inuwa, inda ruwan ya yi duhu. Na tsoma hannu na ji sanyi irin na gurbinmu na da.

Nan ya tsaya duba wani ɗinki, filafilin yana cikin ruwa. Ban sani ba ko gajiya ce, ko kuwa jiki ne ya tuna abin da ya saba, sai na ga ya jingina kuncinsa a kan mariƙin. Ya yi tsit. Idonsa ya lumshe. Jirgi yana ta juyawa da mu a hankali, ni kuma na riƙe numfashi, robar tana hannuna. Ya daɗe a haka, sannan ya yafito ni da yatsa ba tare da ya buɗe ido ba.

Duk tsawon rayuwata a gidan Kunnen Ruwa ban taɓa kafa kunne a filafilin nan ba sai ranar. Da farko gurnanin ruwa kawai na ji. Can sai ga shi, ƙiƙi-ƙiƙi, ƙiƙi-ƙiƙi, kamar ana buɗe tsofaffin ƙofofi a wani gida mai nisa, da yawa, wannan na amsa wa wancan. Wallahi gaskiyarsa, matan bakin famfo ne sak. Murna ta kama ni har na kusa kifar da mu. Na ce Baba ka ji ko? Kunnenka ƙalau yake, ba abin da ya same shi!

Na ɗago ina dariya, sai na ga hawaye yana bin gemunsa. Ba ni yake kallo ba, ƙasa yake kallo, inda ruwan ya gangara ya nufi gida. Ya ce, “Da ma a ce kunnen ne, 'yar nan.” Ya ce kunne na mutum ɗaya ne, ranar da aka binne shi an binne matsalar, yara su koyi saurare su ci gaba. Amma in kunnensa lafiya yake, to shirun da ya ji a gurbin ubansa gaskiya ne.

Sai a lokacin na gane, Auta. Mun yi ta wahala, ni da likita da Mai Igiya, muna so mu yi masa albishir cewa ba abin da ya same shi. Ashe shi ya fi son ya zama kurma, kogin ya zauna da ransa. Na zauna na taya shi kuka, ruwa yana ta taruwa a ƙafafunmu ba wanda ya kwarfe.

Da na waiwaya bakin gaɓa sai na ga masunta sun shiga jiragensu sun yi cirko-cirko, ba mai ko tari. Sun ga lokacin da ya kafa kunne. Baba ya share fuska da hularsa, ya mayar da ita ka, ya sake saurarawa kaɗan, sannan ya ɗaga haɓa ya nuna gindin wata itaciya da ta kwanto. Aka zuba raga. Ranar murhun maƙwabciya na ara, har da ragon ruwa guda wanda sai da na raba shi kafin ya hau waya.

Da direba ya yi hon zai koma, Baba bai tashi daga inda yake zaune ba. Ya aika a ce masa ya taho da gadonsa da rediyo da akwatin Inna kafin ruwa ya sauka, kuma in gadon ya iso a gida uku su haɗu a lahira. Baban yara ya dube ni, na dube shi, muka yi kamar ba mu ji ba don kada tsoho ya ji kunya ya fasa.

Jiya ya tambayi Baban yara daga nan zuwa mafarin kogin nisan nawa ne. Ya nuna masa duwatsu, ga su nan ana gani daga ƙofar ɗaki. Baba ya daɗe yana kallonsu, ya ce ashe kusa ne. Tun daga nan ya naɗa kansa mai gadin itatuwan bakin ruwa, duk wanda ya gani da gatari sai ya ji tarihin kakansa. Ni ya fara kamawa, ni da sana'ata ba ta yiwuwa sai da itace! Yanzu sai na yi tafiya mai nisa nake samo busasshe, ina tafe ina mita, yana daga zaune yana ji.

Ya ga ina rubutu, ya ce wa nake kai wa ƙararsa. Na ce ke. Ya ce to in rubuta miki saƙonsa yadda ya faɗa, kada in ƙara gishiri irin na direba. Wai da zarar hanya ta buɗe ki zo, kuma kada ki sauka a tsohon gida, ba kowa, ki wuce sama kai tsaye. Ki taho da takwarata. Na ce Baba, yarinyar da ko magana ba ta gama iyawa ba, a bari ta ƙara wayo mana. Ya ce a'a, kada a jira ta girma. Yana so ya kafa mata kunne a filafilin nan tun da sauran abin ji.

Na isar da saƙo. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taki har kullum,
Yayarki